Sun Sake Shafa wa Akwatin Yaya Habibu Fari

Da damunar bana Yaya Habibu ya cika shekara goma a kabari. Wana ne, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma ma'aikacin bincike ne a wata ƙaramar cibiya ta gwamnati da ke bayan garin Kontagora. Tun da ya rasu ban taɓa rubuta layi ɗaya a kansa ba, domin a gidanmu addu'a ake yi wa mamaci, ba a kai shi jarida. Abin da ya sa na saɓa yau shi ne wasu mutane sun zo neman aron sunansa, iyalinsa kuma sun ɗora mini nauyin ba su amsa. Na ga ya fi dacewa in ba da ita a fili, gaban mutanen da harajinsu ya biya aikinsa, wato ku masu karanta wannan shafi.

Ga abin da ake nema. A cibiyar akwai wani dogon ɗaki mai rufin kwano inda Yaya Habibu ya yi aikinsa, da teburan ƙarfe, da injin matse kara, da ma'aunan zafi. An kulle shi tun kafin ya rasu. Yanzu an kafa kwamiti, kwamitin kuma ya yanke shawarar a fitar da kayan, a shimfiɗa darduma, a jera kujeru, a mai da ɗakin zauren taro, a rubuta sunan marigayi a saman ƙofa. Abu ɗaya ya rage musu, amincewar iyali. Idan muka ce to, ɗakin binciken ya tafi ke nan har abada, kuma da yardarmu ya tafi.

Kafin in ba da amsa, sai mai karatu ya san abin da aka yi a ɗakin, da yadda aka yi aka kulle shi.

Duk wanda ya san ƙasarmu, daga Auna har Tungan Magajiya, ya san kaɗanya dukiyar mata ce. Ba mai shuka ta, manomi ne kawai yake kauce mata idan yana sharar gona. Matsalarta ɗaya, da damuna take zubar da 'ya'ya. Mace ta tsinto, ta cire naman, ta dafa ƙwallon, sannan ta shanya, a daidai lokacin da rana ba ta da alkawari. Idan hadari ya yi kwanaki a sama, ƙwallon ya yi fumfuna, ya yi baƙi, man da za a samu ya yi ɗaci da wari, ɗan kasuwa kuma ya taya shi yadda ya ga dama. Mai son kauce wa haka sai ta hura wuta ta busar da hayaƙi, ta ƙone itace mai yawa, idanunta su yi ja, man kuma ya ɗauki ƙauri. Haka iyayenmu mata suka taras, haka suka bari.

Yaya Habibu ya yi karatun kimiyya a Zariya, ya dawo gida da wannan matsala ɗaya a kansa. Abin da ya ƙera ba shi da ban mamaki a ido. Akwati ne dogo, mai murfin gilashi a karkace. A ƙasansa akwai kwano da aka shafa wa baƙin fenti. Rana ta ratsa gilashi ta bugi baƙin kwanon, kwanon ya yi zafi, iskar da ke shigowa ta ƙasa ta ɗauki zafin ta haura ta cikin farantan raga da aka baza ƙwallon kaɗe a kai, ta fita ta bututu da danshin. Ruwan sama ba ya taɓa kaya, akuya ba ta kai baki, ba a ƙona ko tsinke. Bangon akwatin kuwa ba katako ba ne. Allo ne da ya riƙa matsewa daga karan dawa da zaren rama, abin da manomi ke cinna wa wuta bayan kaka.

Mahaifinmu, wanda ya yi rayuwarsa tsakanin zaure da littattafai, ya taɓa leƙa ɗakin sau ɗaya. Ya dubi tulin kara, ya dubi ɗansa, ya ce, "Habibu, duk karatun nan na Zariya, kara ka dawo kana tattarawa? Ai wannan ko makwabcinmu mai jaki ya iya." Yaya ya yi dariya ya ce, "Baba, shi tattarawa yake yi, ni tambayarsa nake yi." Baba bai gamsu ba, amma ya sa masa albarka.

Ba na son a ɗauka ina ba da labarin waliyyi. Wana mutum ne mai taurin kai, ba ya iya doguwar gaisuwa, kuma idan babban mutum ya faɗi abin da ba daidai ba, sai ya gyara masa nan take a gaban yaransa. Aikin nasa ma ba a dare ɗaya ya tsaya da ƙafarsa ba. Allunan farko da ƙullun rogo ya haɗa su, gara kuwa ta ɗauka walima aka shirya mata, kafin damuna ta fita ta gama da su. Ya koma ya gwada ƙaro, ruwa ya narkar. Ya gwada haɗawa da man dogon yaro domin ɗacinsa ya kori ƙwari, wannan ya fara kamawa. Gilashi ya sha fashewa a hanyar ƙauye. Shekaru aka yi ana wannan faɗuwa da tashi, kuma gwamnati ce ke biya. Ina faɗar haka da gangan, domin zan dawo kansa.

A ƙarshe akwatin ya fara aiki. Ya kai ɗaya Auna, gidan wata dattijuwa Bakambara da ake kira Gwaggo Talatu, wadda matan unguwarta ke haɗa kaɗe a wurinta. Na bi shi sau ɗaya lokacin da na zo hutu daga gidan rediyon da nake aiki. Mun taras ta buɗe murfi tana juya ƙwallo da hannu, tana janyewa saboda zafi. Da ta gan shi sai ta ce, da Hausarta mai nauyi, "Malam, murhun nan naka munafuki ne. Ba wuta, ba hayaƙi. Yanzu ta yaya makwabta za su san ina aiki?" Ya ce, "Gwaggo, za su sani ranar kasuwa." Ta ce, "To ka gaya wa ranarka ta riƙa fitowa kullum. Jiya ta yi lalaci." Wannan shi ne abin da ya rage masa. Yana son ya haɗa wa akwatin ɗan ƙaramin murhu a gefe, mai cin dunƙulen ɓawon kaɗen da ake zubarwa, domin ranar da hadari ya rufe sama aiki kada ya tsaya. Wa'adin kuɗin da aka ware masa ya zo ƙarshe, yana neman a sabunta. Aka ce za a sabunta idan wani babban jami'i daga birnin jiha ya zo ya gani da idonsa.

Yanzu sai in yi bayanin wata al'ada tamu, ko da yake duk wanda ya taɓa aikin gwamnati ya san ta. Idan babban baƙo zai zo, ba a gyara abin da ya lalace, fari ake shafa masa. Duwatsun bakin hanya, fari. Gindin itatuwa har zuwa ƙugu, fari. Tsofaffin tayoyin da aka binne rabi a ƙofar ofis, fari. Bangon bayan gida da ruwa bai taɓa zuwa cikinsa ba, fari. Mun gaji wannan daga Turawan mulki, sun tafi sun bar mana buroshi, mu kuma muka riƙe shi da hannu biyu kamar wasiyya. A wurin wani irin ma'aikaci, shafa fari shi ne aikin, sauran duk ƙari ne.

A cibiyar akwai irin wannan ma'aikaci. Shi ne sakataren mulki, mai kula da motoci da kujeru da tarbar baƙi. Ba zan faɗi sunansa ba, Sakatare kowa ke kiransa, kuma sunan ya ishe shi. Mutum ne mai tsabta, mai hula a karkace, wanda bai taɓa shiga ɗakin bincike ba sai idan zai ƙirga tebura.

Ana gobe baƙo zai zo, Yaya Habibu ya tafi Auna ɗauko sabon dafaffen ƙwallo, domin baƙo ya ga ɗanye ya shiga, ya ga busasshe ya fito. Ruwa ya tsare shi, hanya ta yanke, sai washegari da hantsi ya iso. Ni kuma gidan rediyo ya turo ni ɗaukar rahoto, saboda haka ina tsaye a wurin lokacin da ya sauko daga mota. An fito da akwatunansa an jera su a fili. An buɗe murafen gilashi, an shafe baƙin kwanon nan tas da farin fenti, an mayar an rufe. Suna ta ƙyalli kamar kwanukan jere.

Ya tsaya ya dube su, ya ce, "Wa ya yi wannan?"

Sakatare ya matso yana murmushi. "Ni na sa, Malam Habibu, kuma ba sai ka gode ba. Ya za a yi Mai Girma ya zo ya ga abu baƙi ƙirin kamar gindin tukunya? Kuma ba farar ƙasa ba ce, ka taɓa ka ji. Fenti ne mai mai, ruwa ba ya wanke shi."

"Ranka ya daɗe, baƙin nan shi ne injin."

"To ai injin naka yana nan, ba wanda ya taɓa maka shi. Launi kawai muka gyara."

Na yi shekaru ina aikin zaɓen kalmomi, amma har yau ban samo kalmar da ta dace da wannan amsa ba. Ba sai mutum ya je Zariya ba kafin ya san baƙi na shan zafi, fari na mayar da shi. Duk wanda ya taɓa taka kwalta ba takalmi da azahar ya sani. Duk matar da ta taɓa yafa baƙin mayafi ta je kasuwa ta sani. Sakatare ma ya sani, shi ya sa rigarsa kullum fara ce. Abin da bai taɓa shiga kansa ba shi ne wai akwai wani abu a harabar gwamnati da ke da amfani banda a kalle shi.

Yaya ya nemo wuƙa da kananzir zai kankare. Sakatare ya hana, ya ce an riga an jera kujeru, kuma kankararren kwano ya fi baƙin muni. Shugaban cibiyar, wanda ya san gaskiyar magana sarai, ya duba agogo ya ce a bari tukuna, za a yi wa baƙo bayani. Aka zuba ƙwallon a haka.

An ce baƙo zai iso da hantsi. Ya iso bayan la'asar, lokacin da rana ta karkata, hadari kuma ya fara haɗowa daga gabas. Aka yi jawabai. Aka gode masa da ya samu dama duk da yawan ayyukansa. Sannan aka rako shi gaban akwatunan. Ya zagaya ɗaya, ya leƙa bayansa, ya ce, "Ina ake kunna shi?" Yaya ya ce ba a kunna shi, rana ce ke kunna shi. Baƙo ya ce, "To ina ƙarar?" Aka ce ba ya ƙara. Na ga fuskarsa ta sauya, irin ta mutumin da aka gayyato cin tuwo aka miƙa masa ruwa. Manyanmu sun fi yarda da abu mai maɓalli, wanda za su danna ya yi ruri a tafa musu. Ya sa aka ɗaga murfi, ya zura hannu, ya damƙo ƙwallo, ya ji shi da danshi. Ya juya wajen masu rakiyarsa ya ce, "Ai ko randar gidanmu ta fi wannan ɗumi." Aka yi dariya, har da waɗanda ba su ji abin da ya ce ba.

Yaya Habibu ya fara bayani. Ya kai ga kalmar fenti ke nan, wani mai kula da tsarin tafiya ya ja hannun rigarsa, ya raɗa masa cewa ba a musu da Mai Girma. Baƙo ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Malam, a ci gaba da ƙoƙari." Aka wuce wurin cin abinci.

Ba a sabunta kuɗin ba. Lokacin an shiga zamanin tsuke bakin aljihu, ana neman abin da za a yanke, kuma ga shaida babban mutum ya taɓa da hannunsa ya ji sanyi. Yaya ya nemi a dawo a sake gani, ko a je Auna inda baƙin akwati ke aiki. Aka ce Mai Girma ba ya zuwa wuri ɗaya sau biyu, hanyar Auna kuma ba ta dace da motarsa ba. Duk da tsukewar aljihun, ba a daɗe ba aka sayo wani ƙaton injin busarwa daga ƙasar waje, mai shan man gas. Wannan yana da maɓalli, yana da ruri. Aka yanka ƙyalle, aka danna, aka tafa. Ya yi aiki har ranar da wani ɗan ƙarfe ya karye a cikinsa, wanda ba a samunsa a ƙasar nan. Da na ga injin bara, kaza ce ke kwanci a bakinsa.

Aka kulle ɗakin bincike, aka mai da Yaya Habibu mai kula da masu gadi da masu shara, a ƙarƙashin Sakatare. Bai yi ƙorafi a gabanmu ba. Da albashinsa ya haɗa wani akwatin a tsakar gidansa, ya shafa masa baƙi, ya ci gaba da gwajin murhun ɓawo da yamma idan ya taso. Bai gama ba ciwo ya kama shi, ya yi gajeriyar jinya, Allah ya karɓi abinsa. Ba zan ce su suka kashe shi ba. Ajali ne, kuma mutanen nan ba su kai nauyin da za su kashe mutum irinsa ba. Aikinsa kawai suka iya kashewa, shi ma ba da ƙiyayya ba. Da ƙiyayya ce da na fi ganin girmansu, domin maƙiyi aƙalla ya san abin da yake ƙi.

Nakan tambayi kaina abin da zai ce da ya ga Kontagora ta yau. Ga layin galan a gidan mai, mata sun baro girki suna jiran kananzir da ba a san ranar zuwansa ba. Ga ɗan kabu-kabu yana tura babur ɗinsa da ƙafa. Ga manyan motoci suna fita gari da buhunan gawayi, kuma duk mai sana'ar ya san gawayin kaɗanya ya fi kowane daɗewa a murhu, saboda haka itacen da kakanni suka kauce wa da gatari yanzu shi ake fara sarewa. Ga wayoyin wuta daga Kainji suna wucewa ta saman ƙauyukan da ba su taɓa ganin ƙwan lantarki ba. Ga kara da buntun shinkafa ana cinna musu wuta duk kaka. Rana kuwa tana nan inda ya bar ta, tana zuba a kan rufin kowa kyauta, muna ta tsine mata. Sanin da na yi masa, ba zai yi dogon jawabi ba. Zai tambaya ko an buɗe ɗakin.

Akwai masu cewa bincike aikin ƙasashe masu arziki ne, mu mu jira su gama mu saya. Waɗannan su je su gai da kazar da ke kwanci a cikin injin. Babu Baturen da zai tashi da safe yana tunanin yadda ƙwallon kaɗe zai bushe a Auna da damuna, domin ba matsalarsa ba ce. Akwai kuma masu cewa a bar wa 'yan kasuwa. Ina girmama ɗan kasuwa, amma ɗan kasuwa yana sa kuɗinsa ne inda zai dawo kafin shekara ta zagayo. Wane attajiri ne zai biya mutum shekara da shekaru yana haɗa allo gara tana cinyewa? Wa zai zuba jari a kan abin da idan ya yi kyau, kafinta da maƙerin kowane ƙauye za su kwaikwaya ba tare da sun biya kowa ba? Wanda ke cin ribar ɗacin man kaɗe ma ba zai so ya daina ɗaci ba. Irin wannan aiki, mai jinkiri, mai yawan faɗuwa, wanda amfaninsa na matar da ba ta da abin biya ne, ba shi da uba sai baitulmali. Dalilin karɓar haraji ke nan. Kuma abin da ake buƙata bai kai abin da ake kashewa a kan rumfuna da lemo ranar tarbar baƙo ɗaya ba. Ba rashin kuɗi ne ya rufe ɗakin Yaya Habibu ba. An samu kuɗin fenti ai.

Abin da ya fi kuɗin muhimmanci shi ne wanda zai yi hukunci. Idan gwamnati za ta biya bincike, to masu sanin aikin su duba shi, a inda yake aiki, a lokacin da yake aiki, ba mai wucewa da jerin motoci bayan la'asar ba.

Makonni kaɗan da suka wuce kwamitin ya zo gidan marigayi. Shugabansa ba wani ba ne, Sakatare ne. Ya yi ritaya, ya je Makka, ya yi ƙiba, hular dai tana nan a karkace. Aka shimfiɗa musu tabarma a zaure, ni da matar marigayi, Anti Rakiya, muka zauna. Ya yi ta'aziyya kamar jiya aka yi rasuwar, sannan ya ce, "Hajiya, Malam Habibu ɗan'uwana ne. Kullum ina gaya wa yara, mutumin nan ya riga zamaninsa. Mu da muka yi aiki kafaɗa da kafaɗa da shi, mu muka san abin da aka rasa."

Anti Rakiya ta gyara mayafi ta ce, "Allah sarki, Alhaji. Ai kuwa yana yawan ambatonka."

Ya ji daɗi ƙwarai. Ni na san irin ambaton, sai na dubi ƙasa.

Ta ce, "To kayan aikin nasa fa, ina za a kai su?" Ya ce ai tsofaffin ƙarafa ne, za a san yadda za a yi da su, amma an ware akwati ɗaya an gyara shi an kafa a ƙofar cibiya domin tarihi. Ya ce in je in gani, zan yi farin ciki. Da suka tafi ta dube ni ta ce, "Ɗan rediyo, kai ne mai baki. Je ka gano mana, in ya so ka ba su amsa."

Na je da tsakar rana. Akwai ma'aikata a cibiyar da Yaya ya koya wa aiki tun suna sababbin ɗauka, suna nan har yau, ana biyansu albashi suna karanta jarida a gindin mangwaro, domin ɗakin da za su yi aiki a kulle yake. Ɗayansu ya raka ni ƙofar cibiyar, ya nuna mini da haɓa. An gina dakali na siminti, an ɗora akwatin a kai. An sake shafa masa sabon farin fenti, ciki da waje, wannan karon har da gilashin. Sannan, don kada rana ta lalata shi, an yi masa rumfar kwano mai kyau a sama.

Na ɗora tafin hannuna a kai. Rana tana tsakiyar sama, kwalta na narkewa a bakin titi, akwatin Yaya Habibu kuwa sanyi ƙalau. Shekara goma da ɗoriya, Sakatare bai tambayi kowa ba ko sau ɗaya mene ne aikin abin da yake shirin karramawa.

Daga nan na wuce gidan marigayi. Akwatin da ya haɗa da albashinsa yana tsakar gida inda ya bar shi. Gilashin ya tsage an liƙe, allon kara ya ɗan kumbura a kusurwa ɗaya, amma gara ba ta ci shi ba. Duk shekara Anti Rakiya takan sa a sake shafa wa kwanon baƙi. Kuɓewa take busarwa a ciki, da tumatir, da tattasai, makwabta kuma suna kawo nasu. A gefensa akwai murhun ɓawon nan da bai gama ba, ta rufe shi da tsohon buhu, ta hana kowa taɓawa. Na ɗaga murfi na kai hannu ban yi tunani ba, na janye da sauri. Ta yi dariya daga bakin madafa ta ce, "Wa ya aike ka? Ai shi ba ya wasa da azahar."

Abin da ya rage na wana ke nan. Ba shi da titi, ba shi da lambar yabo. Yana da akwati ɗaya mai ƙona hannu, da murhu rabin gini, da mutanen da ya koya wa aiki suna zaune a gindin mangwaro. Allah ya jiƙansa, ya sa abin da ya busar wa mata ya zama nauyi a mizaninsa.

Ga amsar iyali ga kwamiti. Ba mu yarda ba. Sunan Habibu ba zai hau ƙofar ɗakin da aka fitar da kayan aikinsa ba. Idan gwamnati na son tunawa da shi, ta buɗe ɗakin, ta mai da mutanensa ciki, ta ware musu abin da za su gama murhun, ta kuma haƙura da su idan gara ta sake cin allo. Ranar da aka yi haka, a rubuta sunan duk wanda aka ga dama a ƙofa, ko na Sakatare ne, ba za mu ce uffan ba. Kafin nan, a cire rumfar, a sauko da akwatin daga dakali, a fitar da shi rana. Baƙin fentin kuma kada ya dami kwamiti, Anti Rakiya ta ce akwai ragowar gwangwani a ɗakinta.